Tarwaɗa Uku

A kasuwar kifi ta Kado, Manniru mai sayar da kifi na wasa wuƙa, wata Hajiya da ta taso daga ofis tana jiransa, tana kallon waya tana tsaki.

"Lafiya, Hajiya?"

"Dubi rashin imani. Mutanen ƙasar ƙanƙara ne ke sukar ƙaton kifin nan na teku da mashi. Kusan awa guda yana mutsu-mutsu bai mutu ba."

Manniru ya leƙa. "Ya fi tirela girma. Amma mai sukar bai iya ba. Kakana a Yawuri dorina yake farauta, kuma duk ranar da sai da ya soka sau biyu, ba ya cin abinci don kunya. Mutum nawa za su ci wannan?"

"Wai garin gaba ɗaya, har wata shida."

"Rai ɗaya ke nan. Ke kuma tarwaɗa uku kika nuna min, na miyar yau kawai."

Ta yi dariya. "Ai su ƙanana ne."

"Su ba su san da haka ba."

Ya ɗauki sandar da yake buga wa tarwaɗa a ka. Hajiya ta yi maza ta juya baya.

"Malam, don Allah sau ɗaya."

"Sau ɗaya, Hajiya. Ni ma ina so in ci abinci yau."