Talabijin Mai Tara Unguwa

A wani shago cikin kasuwar Gadarif, na ji wata dattijuwa ta tsoma baki a cinikin wani manomi da ke ta jujjuya talabijin biyu, ƙarami mai araha da babba.

"Ɗana, ɗauki ƙaramin."

"Hajja, ke za ki biya ne?"

"A'a, amma na san ɗayan! Irinsa maigidana ya kawo. Kullum da magariba sai a fito da shi tsakar gida, unguwa ta taru. Wa ke dafa musu shayi da jabana, gahawar nan tamu? Ni!"

"Ai taron nake so! Tun da maƙwabcina Cindo ya sayi nasa, 'ya'yana can suke cin tuwo. Har mahaifiyata, da sandarta. Ni da akuya kaɗai ake bari a gida!"

"Har mahaifiyar taka?"

"Wallahi. Jiya cewa ta yi a kai mata tabarmarta can."

Dattijuwar ta juya wajen mai shago.

"Ya zol, bawan Allah, ɗaure masa babban. Kai kuma, kafin ka sauke shi a gida, ka nemi gafarar matarka."