Ɗan Shuɗin Kifi

Ina jiran a sallame ni a shagon kifin ado na ji su. Wani dattijo ya kawo ruwa a kwalba daga sabon akwatin gilashinsa na kiwon kifin teku, mai shagon ya auna.

"Baba, gishirin ya yi daidai, amma ruwan ɗanye ne. Ka bar shi da duwatsunsa wata guda kafin kifi ko murjani mai rai ya shiga."

"Wata guda? Na yi wa jikata alkawarin kifi ranar Asabar. Kullum sai ta leƙa gilashin ta ce, Kaka, ruwa muke kiwo?"

"Kifin nan mai launin ruwan lemo da kake kallo ba zai kwana biyu a ciki ba. Amma wasu sukan fara jefa wannan ɗan shuɗin. Ga araha, ga taurin rai, kuma kashinsa ke nunar da ruwan."

"In ruwan ya fi ƙarfinsa fa?"

"Sai ka san da saura."

"Wato don shi ne talakan kifaye, shi za a tura ya ɗanɗano mutuwa? Yaro, rai ai rai ne. Shekara talatin na yi a ƙarƙashin masu irin wannan tunanin."

"Gaskiyarka, Baba. To ka jira watan. Ba wanda zai mutu, sai dai yarinya ta yi fushi."

Dattijon ya daɗe yana kallon ɗan shuɗin.

"Ɗaure min shi," ya ce. "Zan gaya mata aro ne, kada ta sa masa suna."