Furen Taba da Ya Ɓoye Mini Jini

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Rahila, haihuwar Dogon Dutsi, amma a nan unguwar Harobanda, ƙetaren kogi, na tsufa. Kun san ni da ba da waƙa a zumuntar mata. Yaranku dai ba su san akwai lokacin da na yi shiru ba.

A garinmu adon mace bai cika ba sai ta ci goro ta goge haƙora da furen taba, baki ya yi ja wur. Ni kuwa gwana ce! Ko a shekarun fari, da muke bin layi bayan motar sojoji don jar dawar taimako, fure bai taɓa yankewa a bakin zanena ba. Tuwo gaya, in an samu miya ma ba ganye, amma baki ja.

Ashe dasashina jini yake yi. Yaya zan gane? Ja a kan ja! In na tofar da yawu, sai in ce furen nan mai kyau ne. Sai da haƙoran gaba suka fara girgiɗi.

Wata Lahadi ina tsakiyar ba da waƙa, matar da ke gefena ta kau da kai a hankali saboda warin bakina. Na yanke waƙar nan take. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma bencin baya, mayafi a baki. Haƙora biyu suka zube, na ce ni da waƙa har abada.

Sai ga Yaya Saratu, 'yar Maraɗi mai aikin likita, har gida.

"Rahila, mi ya hana ki waƙa?"

"Mura ce, Yaya, tun damina."

"Wace damina? Bana an yi damina ne? Durƙusa mu yi addu'a."

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ya Uba, kai ka ba ta murya, kada ka bari kunya ta ƙwace mata." Na fashe da kuka, mayafin ya faɗi, ban ɗauka ba.

Muna cewa amin ta ce, "To, buɗe bakin." Ta wanke furen tas da auduga da ruwan gishiri, ja bai daina fitowa ba. "Wannan ba fure ba ne, ƙanwata. Jininki ne."

Ita ta haye da ni gadar kogi zuwa cikin gari wurin likitan haƙori, aka kankare dattin da ya daskare. Na bar fure, na kama asuwaki da ruwan gishiri mai ɗumi. Busasshen zogalen da aka aiko mata daga gida ma raba shi ta yi da ni, a wannan yunwa! Sauran haƙoran suka tsaya. Na koma waƙa da giɓina, iska na fita, yara na dariya, na ce su yi ta yi.

Bana 'yata ta kai ni aka dasa mini haƙora biyu cikin ƙashi. Likitan ya ce da ciwon ya ci gaba tun can, da ba inda za su kama. Yaya Saratu ta tafi wurin Ubangiji, ba ta gan su ba.

Na gode wa Yesu! Mai ɓoye ciwo a bencin baya, ka dogara gare shi, ka bari a duba ka.

Yanzu ku tashi. Waƙar da na yanke waccan Lahadi, ban taɓa iya maimaita ta ba. Yau zan ɗauko ta daga inda na tsaya.