Mai fassara mini jawabin 'yan siyasa ya rasu

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajiya Ladi ce daga Garwa.

Duk lokacin zaɓe, jam'iyyu kan yi jawabi da Faransanci a talabijin, maigidana kuma ya fassara mini. Jam'iyyarmu ba ɗaya ba ce. Ɗan takarata na magana sai ya ce, "Hajiya, naki ya ce zai kawo teku Garwa." Mu yi ta musu har shayi ya huce.

Bana maigidan nawa ya rasu. Jiya na kunna talabijin, na zauna ni kaɗai ina kallon baki na motsi.

'Yan siyasa, da Hausa da Fillanci kuke roƙon ƙuri'a a ƙofata. Ku yi haka a talabijin mana! Ko ƙarya ce, in sami abokin musu.