Kiɗan Kakana a Gonar Gero

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sabi'u ne daga Kademi. Sana'ata haɗa kiɗa a kwamfuta, nakan yanko gutsure daga tsohon kaset in ɗora sabon kiɗa a kai.

Na daɗe ina neman kaset ɗin kakana, makaɗin gangar noma, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Na bincike kasuwar Gaya kaf, babu. Da aka ce Baffana na Gafasa yana da guda, na garzaya. Ya ce, "Kayya ɗana, ka makara." Ya ja ni gona. Malam, ashe ya zare zaren kaset ɗin ya ɗaɗɗaura a gero don korar tsuntsaye! Ina tsaye kiɗan kakana yana ƙyalli a rana.

Jama'ar Gaya da Ajingi, don girman Allah, kafin ku fasa kaset ku saurare shi. In kun ji ganga tana zuga manoma, ku sanar da shirin nan. Wallahi ni zan zo in kore muku tsuntsayen da kaina har girbi.