Limamin da ya kasa tashi daga sujada

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Kuala Lumpur, kuma wallahi da kunya nake rubuto wannan wasiƙa.

Lokacin kullen korona an rufe masallatai, sai abokan zamana uku a Wangsa Maju suka sa ni limanci a falo, saboda na girme su. Ban taɓa gaya musu guringuntsin gwiwata ya cinye ba. A ɓoye na je asibiti aka yi min allurar kolajin, wadda ake yi a gwiwa ba tare da tiyata ba. Likitar ta ce, "Ka riƙa salla a kujera tukuna, maganin ba ya aiki rana ɗaya."

Na ce a raina, ni liman guda a kujera, gaban ƙannena? Na ƙi.

Washegari da La'asar na yi sujada, gwiwa ta ƙi ɗaga ni. Suna bayana goshi a ƙasa, shiru ya yi yawa. Ɗaya ya fara "Subhanallah", ya zaci mantuwa ce. Ƙarshe dai na ce, "Ku zo ku ɗaga ni."

Da suka ji dalili, ƙaraminsu ya ce, "Haba Yaya, kujera huɗu gare mu a gidan nan!"

Ina gaishe su duka. Malamai, ku taimaka min: sallata kaɗai na ɓata, ko har da tasu?