Wayar Baba Ba Ta Ƙara

A bencin shagon gyaran waya, wani dattijo da wata mata suna jira. Talabijin na nuno wasu masana suna share hawaye.

"'Yata, wa ya rasu?" in ji dattijon.

"Ba mutum ba ne, Baba. Na'urar da suka sauke a wata duniyar ce. Ƙura ta rufe mata sola, batirinta ya mutu."

"Ƙarfe ake yi wa kuka? Ikon Allah!"

"Ai shekara huɗu tana yi musu aiki. Da ta yi shiru, sun yi ta kiranta kafin su haƙura."

"Shekara huɗu! Ni shekara talatin ina tuƙa mota, na raini 'ya'ya shida. Ita wa ta kai makaranta?"

"Kai, Baba, kishi kake da na'ura?"

"Kishin me? Cewa na yi ta yi sa'ar masu ita. Tana can bayan duniya ana ta nemanta. Wani kuwa yana nan cikin gari, tafiyar minti ashirin."

"Yaran naka ba sa kira ne?"

"Suna kira mana! Wayar ce ta lalace. Wata biyu ke nan ba ta yi ƙara ba."

Mai gyara ya danna lambar dattijon a tasa wayar. Nan take ta dattijon ta ɗau ƙara.

"Baba, wayarka lafiyarta ƙalau."

Dattijon bai miƙa hannu ba.

"Sake dubawa, ɗana. Buɗe cikinta da kyau."